Magidancin da Ba Ya Cin Miyar da Ta Kwana

A wani gari an yi wani magidanci, kafinta, mutum mai tsoron Allah. Ba ya shan giya, ba ya zagi, maƙwabta ba su taɓa jin muryarsa ta tsallake katanga ba. Ranar Lahadi yana cikin masu fara isowa sujada, in kuwa bencin majami'a ya karye, shi ke gyarawa ba ya karɓar ko sisi. Amma yana da doka guda a gidansa wadda ya riƙe gam: ba ya cin miyar da ta kwana. Kowace yamma sai an yi sabon cefane, sabon markaɗe, sabuwar miya. In aka kawo masa ta jiya, ko da ta fi ta yau daɗi, sai ya ture kwanon ya tashi.

Matarsa tana aiki a wani kantin magani, ba ta tashi sai yamma lis. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu, Keziya babba, da ƙanwarta Tabita, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Aikin miji da na mata duka ake haɗawa a riƙe gidan, domin abin da kafinta ke samu shi kaɗai ba ya kai su ƙarshen wata.

Ga yadda yammacin gidan nan yake tafiya. Matar takan sauka daga keke a bakin layi, ƙafafunta na zogi saboda tsayuwar yini. Ta tsaya wurin mai tebur ta sayi kashin tumatir, da tattasai, da albasa, da mai a ɗan ƙulli, duk a farashin yamma, wanda kowa ya san ba shi da tausayi. Daga nan ta bi layin injin markaɗe. Ta dawo gida ta hura gawayi, ta ɗora miya, ta tsaya a kanta har tsamin tumatir ya fita, sa'an nan ta ɗora ruwan tuwo, ta yi talge, ta jira, ta tuƙa. Kafin a kwashe, duhu ya daɗe da rufawa. Keziya takan daure ta jira, tana gyangyaɗi a kan littafinta. Tabita kuwa ba ta da wannan ƙarfin. Barci yakan ɗauke ta a kan tabarma, cikinta babu komai sai ɗan biskit na rana. In an tashe ta sai kuka, ta karɓi loma ɗaya ko biyu ido a rufe, ta koma ta kwanta.

Haka ake yi daga Litinin har Jumma'a. Da safe a zuba sauran miyar jiya a ba maƙwabta, wata rana ma a zubar, alhali kuɗin abinci yakan ƙare tun wata bai yi nisa ba. Addu'ar iyali kuwa, wadda suka saba yi a farkon aurensu, ta mutu ba wanda ya lura da ranar da ta mutu, gama wa zai rera waƙa da yaran da suka yi barci da yunwa?

Wata rana matar ta yi ta maza ta ce, “Baban Keziya, ka yi haƙuri, ina da magana. Da za ka yarda in riƙa yin miya mai yawa ranar Asabar, sai mu riƙa ɗiba cikin mako. Yarinyar nan ba ta cin abincin dare.”

Magidancin ya sha mur ya ce, “Maman Keziya, a gidan ubana ban taɓa cin miyar da ta kwana ba. Uwata noma take yi, tun safe tana gona sai yamma, amma kullum sabuwar miya take ba mu. Ke da kike da inji a bakin layi, me ya hana ki? Ki dai ƙara sauri.”

Ta bi maganarsa, gama mace ce mai ladabi. Ta ƙara saurin, har wata rana ta ƙona hannu, amma tumatir ba ya nuna don an yi masa gaggawa. Tabita ta soma ramewa, rigar makarantarta ta yi mata yawa. Malamarta ta aiko cewa yarinyar tana barci a aji, ba ta wasa da sauran yara. Uban ya damu ƙwarai, domin yana ƙaunar 'yarsa, kada wani ya ce ba ya ƙaunarta. Sai ya ce wa matarsa ta kawo mata maganin sa cin abinci daga kantinsu. Ku dubi wannan abu! Yarinyar da yunwa ke kwantar da ita, ita aka sayo wa maganin ƙara yunwa.

Ana nan sai mahaifiyar magidancin ta zo daga ƙauye don a duba mata idonta a asibitin garin. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta da yawan magana, idon nata ma ɗaya ne ke gani sosai. Amma da wannan idon ɗaya ta ga abin da masu ido biyu suka kasa gani. A yammacin da ta sauka ta zauna a tsakar gida, ta ga surukarta ta shigo da gudu da leda a hannu, ta ga hayaƙi, ta ga gumi, ta ga jikarta ta kwanta a gefenta tana cewa, “Kaka, in an gama ki tashe ni.” Aka gama, ta tashe ta, yarinyar ta ƙi tashi. Tsohuwa ita ma abincin bai shiga cikinta ba.

Washegari Asabar ce. Da magidanci ya tafi shago, tsohuwa ta kira surukarta ta tambaye ta dalili, matar ta faɗa mata dokar gidan da inda dokar ta samo asali. Tsohuwa ta riƙe baki ta ce, “Ni ya ce? Ni nake yi masa sabuwar miya kullum?” Sai ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce, “'Yata, ɗauko kwando mu tafi babbar kasuwa.”

Suka tafi. Kuɗin da matar ke rarrabawa mai tebur kaɗan kaɗan cikin mako, shi suka haɗa wuri guda suka sayi kayan miya a kwando, da wake da garin masara a mudu, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da busasshen kifi, da gyaɗa, har da canji ya rage. Suka yi markaɗe sau ɗaya. Tsohuwa ta sa aka ɗora babbar tukunya, aka dafa markaɗen har ruwansa ya ƙone, aka soya shi da mai har man ya taso a sama. Ta sa aka raba shi a robobi aka sa a ɗan firij ɗinsu, ta ce in wuta ta ɗauke ta daɗe, a juye a tukunya a tafasa safe da yamma, ba abin da zai same shi. Suka tsince waken mako, suka daka gyaɗa, suka gyara kifi. Keziya da Tabita suna taya su suna surutu, rana ba ta faɗi ba sun gama.

Matar ta ce, “Mama, ina jin tsoro. In ya gane fa?”

Tsohuwa ta ce, “Ni na haife shi, na san harshensa. In ya tambaya mu faɗa masa gaskiya. Amma ba zai tambaya ba.”

Ranar Litinin tsohuwa ta yini a layin asibiti, surukarta ta yini a kanti, tare suka shigo gida da yamma. Aka ɗebi ludayi biyu daga soyayyen markaɗen nan, aka ƙara ruwa, aka sa daddawa da kifi, aka kaɗa kuka. Tuwo na gefe yana turara. Ko kaji ba su gama shiga akurki ba aka shimfiɗa tabarma. Tabita ta ci ta ƙoshi ido biyu, har ta ce a ƙara mata. Magidanci ya kai loma, ya lumshe ido ya ce, “Yauwa! Wannan ita ce miyar da na tashi da ita. Sabuwar miya daban take.”

Talata aka kaɗa kuɓewa. Laraba aka dafa shinkafa da wake aka zuba soyayyen markaɗen a kai, suka ci da wuri har suka samu zuwa addu'ar tsakiyar mako, abin da suka daɗe ba su yi ba. Kowace rana magidanci sai santi, yana yabon hannun uwarsa, yana ba 'ya'yansa labarin ƙauye, yana duban matarsa ta gefen ido wai ta ɗauki darasi. Bai tambayi kansa yadda tsohuwar da ta yini a asibiti take samun lokacin cefane da markaɗe ba. Mutum in an ba shi abin da yake so, da wuya ya tambayi ta inda ya fito.

Ranar Alhamis aka yi miyar zogale da gyaɗa. Likita ya sallami tsohuwa, za ta koma gida washegari. Magidanci yana tsakiyar ci, santi ya kwashe shi, ya ce, “Maman Keziya, ga dama ta samu. Kafin Mama ta tafi, ki zauna ta koya miki yadda ake sabuwar miya da wuri.”

Tsohuwa ta ajiye lomar da ke hannunta ta ce, “Ita ta riga ta koya. Kai ne ka rage. Miyar da kake sha tun Litinin, ranar Asabar muka soya ta.”

Hannunsa ya tsaya a cikin kwano.

Ta ce, “Wadda ka sha a gidan ubanka ma haka take. Ranar kasuwa nake niƙa kayan miyata in soya. Kullum in na dawo daga gona in ɗiba, yau kuka, gobe karkashi, jibi yakuwa. Kana tsammani ni aljana ce, in yini da fartanya in zo in hau dutsen niƙa kowace yamma? Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, shi ke hura wuta da asuba ya tafasa mini tukunyar kada ta lalace. Kai kana barci. Ka ga kwano ne kawai, ba ka taɓa leƙa tukunya ba.”

Ran magidanci ya ɓaci. Kunya ta kama shi, kunyar kuma ta juye ta zama fushi, kamar yadda takan yi wa maza da yawa. Ya ture kwanon, ya ce ashe haɗa baki aka yi a gidansa. Matarsa ta sunkuyar da kai, tana ganin komai ya rushe.

Sai Tabita, bakinta duk miya, ta dubi ubanta ta ce, “Baba, in Kaka ta tafi gobe, zan koma kwana ban ci abinci ba?”

Ba gatse ta yi ba, tambaya ce kawai irin ta yara, tana so ta sani. Uban ya dube ta. Ya ga wuyanta siriri, ya ga yadda ta riƙe kwanonta da hannu biyu. A karo na farko ya gane cewa ba ciwo ne ya ramar da 'yarsa ba, dokarsa ce. Hawaye suka cika masa ido a gaban uwarsa da matarsa, bai ɓoye ba. Ya jawo kwanon da ya ture, ya ce, “A'a, Tabita. Ba za ki ƙara kwana da yunwa a gidan nan ba.” Ya juya ga matarsa ya ce, “Maman Keziya, na wahalar da ke. Ki gafarce ni.” Ya cinye tuwonsa tas.

Asabar ta gaba ya rufe shago da wuri, ya ɗauki kwando ya bi matarsa kasuwa. Shi ya tsaya a layin injin markaɗe da bokiti a hannu, abokansa masu wucewa suna yi masa tsiya, ko a jikinsa. Tun daga lokacin, a gidan nan ana cin abinci da sauran haske, a rera waƙa, a yi addu'a, sa'an nan yara su kwanta.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Magidancin nan ba mugu ba ne, shi ya sa labarinsa ya shafe mu. Da mugu ne, da kowa ya ce ba da ni ake ba. Shi ne ni, shi ne kai, shi ne ke, duk wanda ya ɗauki wata al'ada ya ɗora a gidansa kamar daga sama ta sauko, alhali Allah bai umarta ba. Ubangiji ya ce mu ciyar da iyalinmu, mu ƙaunace su, mu yi renonsu cikin tsoronsa. Bai faɗa mana ranar da za a yi markaɗe ba. Mu ne muke ƙirƙiro kaya mai nauyi, mu ɗora wa wanda ba shi da bakin ƙi, mu kira shi mutuncin gida.

Ku lura kuma da wanda ya biya kuɗin dokar. Ba mai dokar ba ne, gama shi kullum yana cin tuwonsa da zafi. Matar ta biya da ƙarfinta, ƙaramar yarinya ta biya da jikinta. Haka girmankai yake a kowane gida, mai shi ba ya jin nauyinsa, mafi ƙanƙanta a gidan ne yake ɗauka. Ni wannan yana ba ni tsoro, ya kamata kuma ya ba ku.

Na ga waɗansu mata suna murmushi suna taɓa mazajensu da gwiwar hannu. Ku dakata, ban gama ba. Akwai matar da ba miji ne ya kafa mata doka ba, ita ta kafa wa kanta. Tana jin kunya maƙwabciya ta ji cewa shinkafa da wake aka ci a gidanta sau biyu a mako. Sai ta dawo aiki a gajiye ta shiga girki iri uku, ta ƙare tana yi wa yara tsawa, ta kwanta ba ta yi wa kowa magana mai daɗi ba. 'Yar'uwa, maƙwabciyarki ba za ta tsaya a gaban Allah a madadinki ba. Wake da mai da yaji da aka ci da wuri, uwa tana dariya, ya isa abinci, kuma albarka ce.

Tukunyar Asabar kuwa ita ce hikimar shiri. Allahnmu ba Allahn hargitsi ba ne, ya ba mu hankali don mu dubi gobe tun yau. Kafintan nan da kansa ba ya zuwa kasuwa kowace safiya ya sayi ƙusa ɗaya, a kilo yake saye ya ajiye, amma bai taɓa tunanin gidansa ma yana bukatar irin wannan tsari ba. Zamani ya yi tsada, na sani, ni ma cefane nake yi. Mafi yawanku miji yana fita, mata tana fita, abin da ake samu kuma ba ya ƙaruwa. To, ku zauna ku biyu a ƙarshen mako ku yanke abin da za a ci. Ku sayi abin da za ku iya a dunƙule ranar kasuwa. Ku yi aikin mai wuya sau ɗaya, tare, da yaran a gefenku suna koyo. Wannan ba rowa ba ce, ba lalaci ba ne, riƙon amana ne a kan ɗan abin da Ubangiji ya sa a hannunku. Lokacin da kuka ceto daga bakin murhu kuma ba naku ba ne ku ɓatar a waya. Na 'ya'yanku ne, na addu'a ne.

Tsohuwar nan tana tsaye a matsayin gaskiya, wadda Allah yakan aiko mana ta bakin wanda ba mu zata ba. In ta zo, takan zo da kunya. Magidancin ya ture kwano, kamar yadda dukanmu mukan yi. Abin da ya cece shi shi ne bai tashi ya bar wurin ba. Ya zauna har ya ji muryar 'yarsa, ya jawo kwanon, ya roƙi gafara da bakinsa. Tuba ke nan, ba wani abu mai wuyar ganewa ba ne. Namijin da ya ce wa matarsa “ki gafarce ni” bai ragu da komai ba, ina kuma tabbatar muku Ubangiji yana karɓar irin wannan zuciya, yana gyara irin wannan gida.

Saboda haka yau in kun koma, kada ku tsaya muhawara a kan wane ne magidancin cikin labarin. Kai uba, kafin ka cire rigar sujada, ka tambayi matarka abu guda da kake nema a gidan nan wanda yake karya mata baya, ka yi shiru ka ji amsar har ƙarshe. Ke uwa, ki faɗi gaskiya cikin ladabi, kada ki ce ba komai alhali akwai komai. Gobe Litinin ce, aiki zai dawo, gajiya za ta dawo. In yamma ta yi, ku dubi ƙaramin cikin 'ya'yanku. Idan ya ci ya ƙoshi idonsa biyu, har ya samu ƙarfin cewa Amin tare da ku, to, kun ji misalin nan.